An ce ɗana yana da otizim, yanzu kuma an ce Sanfilippo ce: wanne zan bi?

Maman Abba, Aboabo, Kumasi:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni tela ce a Aboabo, 'ya'yana uku. Babbar shekararta 9, tana zuwa boko da makaranta, lafiyarta lau. Mai bi mata shi ne Abba, sunan surukina ya ci shi ya sa muke kiransa haka, shekararsa 5 da rabi. Sai jaririya mai wata 7. A kan Abba na zo, kuma don Allah duk mai amsa mini ya karanta har ƙarshe, domin ko'ina na buɗe baki sai a tare ni da "ki yi haƙuri" tun ban kai tsakiyar magana ba.

Lafiya lau na haife shi. Ya zauna a kan lokaci, ya yi rarrafe, ya yi tafiya. Magana ce ta yi masa nauyi, amma ta zo. Yana ɗan shekara 3 yana cewa Mma, Baba, ruwa, koko, mota, har ya kan haɗa biyu, "Mma zo", "ba ni". In ladanin layinmu ya kira salla sai ya toshe kunne da yatsa yana kwaikwayonsa. Yaro ne mai son mutane, gidan haya muke, babu ɗakin da bai shiga ba, babu wanda bai ɗauke shi ba. Abin da ke damunmu a lokacin majina ce da ba ta tsayawa rani da damina, kunne mai zubar da ruwa, munshari kamar na babban mutum, da zawo mai zuwa ya tafi. In na faɗa a wurin awo sai a ce haƙori ne, ko a ce yara haka suke. Cibiyarsa ma ta fito, to amma a zango yara nawa ne cibiyarsu ta fito? Ba wanda ya kula.

Yana dosar shekara 4 abin ya juya. A kira sunansa ba ya waiwaye. Ya daina kallon ido. Daga safe har dare gudu yake, ya hau tebur, ya hau keken ɗinki, ya zubar da abin da ya tarar. Komai baki: wuyar rigarsa, silifa, tef ɗin awona, ƙyallen mutane. Tsoro ya fita daga ransa gaba ɗaya. Na taɓa cafke hannunsa a bakin kurfoti da garwashi ja wur, kuma in ƙofar gida ta buɗe titi yake nufa, ko pragya, keke mai ƙafa uku da ke ɗaukar fasinja, na tahowa ba ya kaucewa. Barci kuwa shi ne babban tashin hankalina. Tsakar dare ya farka ya kunna fitila, yana dariya yana zagaye ɗaki har asuba, ni kuma ga goyo ga ɗinkin mutane da safe. Malamin makarantar allo ya dawo mini da shi da mutunci, ya ce ba zai iya riƙe shi ba.

Wani likita ya duba shi ya ce otizim ne, wanda a rediyo ake cewa galahanga. Aka haɗa mu da mai koyar da magana. Na karɓa, na yi ta karatu a waya, na ga yara masu otizim suna koyo a hankali, sai na ɗaura ɗamara. Amma nawa yaron baya yake yi. Kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya suka zube, yanzu "Mma" kaɗai ta rage, ita ma ba kullum ba. Ya iya cin abinci da cokali da, yanzu sai na ba shi.

Da aka tura mu Gee, babban asibitin Komfo Anokye, wata likitar yara ta daɗe tana kallon fuskarsa kafin ta taɓa shi. Ta nuna mini girarsa mai kauri da ta haɗe a tsakiya, gashin kansa mai tauri, gashin da ke bayansa, ta auna kansa ta ce ya ɗan fi na sa'anninsa, ta danna cikinsa ta ce hanta ta ɗan girma. Sai ta tambaye ni ko ni da maigidana 'yan uwa ne. Na ce ɗan wan babana ne. Aka gwada fitsari, daga baya aka ɗiga jininsa a wata takarda aka aika ƙasar waje. Kuɗin sai da dangi suka haɗa. Sakamako ya dawo, an rubuta Sanfilippo, nau'in B. Ta ce wani irin sukari ne ke taruwa a ƙwaƙwalwarsa, ta ce in dawo tare da babansa mu zauna.

To jama'a, otizim ɗin da aka faɗa mini da, ƙarya ce ke nan? In ci gaba da kai shi wurin mai koyar da magana ko asarar kuɗin trotro nake yi? Tun ranar na daina sa masa sukari a koko, yana ta kuka, shin hakan na rage wani abu? Abin da ya fi cin raina jaririyar nan. Ita ma tana majina, kullum ina kallon girarta. Surukata ta ce a danginsu ba a taɓa haihuwar irin wannan ba, alhali danginsu danginmu ne. Matan gida suna raɗa cewa ɗan ruwa ne. Babansa kuma ya yi shiru, in na ɗauko zancen sai ya ɗauki buta.

Nos daga Nima, Accra:

Wa alaikumus salam Yaya. Na karanta har ƙarshe. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen yara, zan faɗa miki abin da zai sa ki shiga wurin likitarki da tambayoyi a hannu.

Likitan farko bai yi miki ƙarya ba. Otizim ba a jini ake ganinsa ba, ba a hoto ba. Halin yaro ake dubawa: yadda yake hulɗa da mutane, maganarsa, abin da yake maimaitawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da shi, kuma a yawancinsu ba a samun wata cuta guda da za a nuna a ce ga sanadi. Amma a 'yan kaɗan akwai cutar gado a ƙarƙashi, ita ke haifar da halin. Abba na cikin waɗannan. Halin otizim da kika gani gaskiya ne, Sanfilippo ce tushensa.

Ga yadda abin yake. Jiki da kansa yake ƙera wani dogon sinadari mai suna heparan salfet, shi ne sukarin da likita ta faɗa miki, yana amfani da shi, in ya tsufa sai a farfasa shi a cikin ƙwayoyin jiki a fitar. Akwai sinadaran da aikinsu ke nan, farfasawa. In ɗaya daga cikin huɗu ya yi ƙaranci aikin ya tsaya, shi ya sa cutar take da nau'i huɗu, A, B, C da D. Ki ɗauka mai kwasar bola ne ya daina shigowa layinku. Makon farko ba wanda zai lura, sai a hankali ta taru ta toshe kwata ta tare hanya. Shi ya sa aka haifi Abba lafiya, ya yi magana, ya san mutane, sai daga baya abin ya bayyana, kuma ƙwaƙwalwa ce ta fi jin jiki. Wani likitan yara a Amurka, Sylvester Sanfilippo, shi da abokan aikinsa suka bayyana cutar a 1963. Ana ƙiyasta jariri 1 cikin kusan 70,000.

Ki mayar masa da sukarinsa a koko. Wancan sinadarin ba daga abinci yake shiga ba, hana shi zaƙi ba ya rage ko ɗigo. Ki ba shi daidai yadda kike ba yayarsa, ki kula da haƙoransa.

Labarinki ya nuna bambancin da ya kamata kowace uwa ta sani. Otizim da aka saba gani alamunsa kan fito tun kafin shekara 2 ko 3. Wasu yaran sukan rasa 'yan kalmomi wajen shekara 1 da rabi zuwa 2, amma daga baya abin ya tsaya su ci gaba da koyo. Mai Sanfilippo kuwa ya riga ya iya kallon ido da wasa da mutane, sai wajen shekara 3 ko 4 abin ya soma janyewa, kuma ba ya tsayawa. Tare da shi ga rashin barci mai tsanani, tauna komai, rashin tsoro, ciwon kunne da hanci, zawo, gira mai kauri. Yara da yawa a duniya sun yi shekaru da sunan otizim kawai kafin a gano, saboda kamannin fuskar ba su fito sosai kamar na sauran cututtukan danginta.

Ba zan ɓoye miki mai nauyin ba, don gara ki ji kafin ranar. Cuta ce mai ci gaba, kuma babu maganin da ke warkar da ita a asibitocinmu. A ƙasashen waje ana gwajin hanyoyin gyara ƙwayar gado da na mayar da sinadarin da ya ɓace. Guje-gujen nan kan lafa bayan wasu shekaru, daga nan tafiya da haɗiya su soma wuya, wasu su sami farfaɗiya. Saurin ya bambanta daga yaro zuwa yaro, a nau'in B musamman akwai masu jinkiri ƙwarai. Likitar da ke ganinsa ita za ta fi gane inda ya dosa.

Kada ki bar mai koyar da magana, sai dai ki gaya mata sabon sakamakon don ta sauya manufa. Yanzu aikin shi ne a riƙe abin da ya rage masa, a ba shi hanyar nuna buƙata da hoto ko alamar hannu tun yana iya koyo, kuma ita ce za ta sa ido a kan haɗiyarsa nan gaba. Ki nemi a gwada jinsa da wuri. Yawancin yaran nan jinsu na raguwa saboda ruwa a bayan dodon kunne, wani ɓangare na rashin amsa kira daga nan yake, kuma wannan ana iya gyarawa. Munsharin ma a kai shi wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro. In wani ya ce a kira wanzami ya cire masa beli, ki ƙi. Duk ranar da za a yi masa wani aiki da allurar barci, ko cire haƙori ne, ki fara faɗin sunan cutar, domin hanyar numfashinsu na buƙatar kulawa ta musamman. Batun barci ki tambayi likita a kan melatonin, ana ba irin waɗannan yara kuma yana taimakon da yawa. Kada ki sayi maganin mura mai sa barci a kemis ki dinga ɗura masa.

Jaririya kuwa, lissafin irin na sikila ne. Ke kina ɗauke da ƙwaya ɗaya, babansu na ɗauke da ɗaya, ku biyun lafiyarku lau kamar masu AS. Kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 yaro ya haɗa biyun, 2 cikin 4 ya zama mai ɗauke da ita kawai, 1 cikin 4 ya fita tsaf. Wato 3 cikin 4 tana lafiya. Majina a wata 7 ba ta nuna komai, kallon gira ma ba zai ba ki amsa ba. Tunda an san nau'in, gwajin jini ɗaya ya isa. Ni a ganina a yi.

Hajiya Mai Waakye, Alabar:

Allah sarki 'yata, Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki ladan jinya. Ni dai shawarata kada ki zauna jiran Turawa. Ki kai shi a yi masa ruƙiyya, dariyar tsakar dare ba banza ba. Kuma na ji an ce in aka hana irin yaran nan madara da burodi da nama suna dawowa daidai, wata a unguwarmu ta gwada. Ki haɗa da zuma da habbatus sauda.

Malamin Islamiyya, Asawase:

Hajiya, Allah ya saka da niyya mai kyau. Ruƙiyya da Alƙur'ani da addu'o'in da suka tabbata babu mai hana ta, uwar ma ta fi kowa cancantar tofa wa ɗanta. Abin da nake tsoro shi ne wuraren da ake ɗaure yaro, a yi masa hayaƙi, a doke shi wai ana dukan aljani. Yaron da numfashinsa ke da matsala aka turara masa hayaƙi a ɗaki rufe, wa zai ɗauki alhakin? An ɗebi jininsa an ga abin da ke damunsa da suna. Kiransa ɗan ruwa bayan wannan zalunci ne, kuma duk wanda ya san zango ya san inda irin wannan maganar take kai yara. Matan gidanku su ji tsoron Allah.

Ɗiyata Maman Abba, akwai hadisi a Buhari da Muslim na wata baƙar mace mai farfaɗiya da ta zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Bai kore ta ba, bai ce laifinta ne ya jawo ba. Ya ba ta zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri mai sakamakon Aljanna, ta zaɓi haƙuri, ta roƙi ya yi mata addu'a kada tsiraicinta ya riƙa bayyana in ta faɗi, ya yi mata. Ibn Abbas har nuna ta yake wa ɗalibinsa a matsayin 'yar Aljanna. Ki lura da roƙonta na biyu. Mutuncin mara lafiya abu ne da shari'a ta kula da shi, kuma shi ne haƙƙin Abba a kan duk wanda ke gidan nan.

Auren zumunci halal ne, babu mai haramta shi, kuma mafi yawan 'ya'yan da ake samu a cikinsa lafiya suke. Amma tunda Allah ya bayyana cewa akwai wannan abu a zuriyarku, ɓoye shi ba addini ba ne. Saudiyya tun 2004 ta wajabta gwajin sikila kafin aure, malamansu ba su ce an yi jayayya da ƙaddara ba.  Ƙannenki da ƙannen mijinki da ke shirin haɗa 'ya'yansu nan gaba suna da haƙƙin su sani.

Maganar surukarki kuwa, tunda mijinki ɗan wan mahaifinki ne, mafi kusa shi ne abin ta wajen kakanninku na uba ya gangaro muku ku biyun. Ba ke kika kawo shi gidan ba. Kada ki yi musu da ita, ki samu babba a dangi wanda take jin nauyinsa ya faɗa mata. Shi kuma Baban Abba, in wannan rubutu ya kai gare shi: ɗan'uwa, na san shirun namiji sau da yawa kuka ne, amma likita ta ce ku zo ku biyu. Ka je. Ka kuma karɓi wani kaso na daren, matarka na shayarwa.

Maman Biyu, Mamobi:

'Yar'uwa, nawa ɗan otizim ne da ba a samu wata cuta a ƙarƙashinsa ba, shekararsa 11 yanzu, don haka hanyarmu ba ɗaya ba ce duka. Amma gudu da tauna da rashin barci na sha su, ga abin da ya yi mini aiki.

Na sa kafinta ya ɗaga sakatar ƙofa can sama inda hannunsa ba ya kai, ciki da waje. Na sauke katifarsa ƙasa, na kwashe duk abin da zai fashe ko ya faɗo masa, na rufe soket, makunnin fitila ma na sa aka mayar sama. Da ɗakin ya zama ba abin da zai ji masa ciwo, ko ya farka zan iya runtsawa ina jinsa. Ke da kike tela, allura da almakashi da maɓalli su ne abin tsoro, ki sami akwati mai kwaɗo. Girki kuma ki roƙi matan gida a ware kusurwa guda a kare ta da katako. In kin yi musu bayani a nutse za ki sha mamakin wadda za ta fara taimaka miki. Ni wadda ta fi kowa yi da ni ita ce daga baya take riƙe mini shi in na je kasuwa.

Tauna ba ta hanuwa, sai dai a sauya abin taunawa. Ki ɗinka masa ƙyalle mai kauri mai tsabta, guda da yawa, ki maƙala a rigarsa da gajeren igiya, ba a wuya ba, kina wankewa kina sauyawa. Ki ɗinka lambar wayarki a cikin kowace rigarsa saboda ranar da zai fice. Masu shago da masu pragya na bakin layinku su san fuskarsa.

Hoto kuma ki fara yau. Ki ɗauki hoton kofinsa, kwanonsa, fo ɗinsa, tabarmarsa, ainihin nasa ba na intanet ba, a wanke miki, ki manna a bango daidai tsayinsa. Duk lokacin da za ki ba shi ruwa ki kama hannunsa ya taɓa hoton kofi tukuna. Nawa ya daɗe kafin ya gane, amma da ya gane kukan ya ragu sosai. Da rana ki fitar da shi fili ya gudu ya gaji, kada ya yi barcin la'asar, dare kuma tsari ɗaya kullum: wanka, tuwo, kashe fitila.

Mu a Accra muna da cibiyar kula da masu otizim mai suna AACT, wadda Serwah Quaynor ta kafa a 1998, ita ma uwar mai otizim ce. A can na fara zama da iyaye irina. Ku a Kumasi akwai Garden City Special School a Asokore Mampong, kusa da ku, ki je ki ga ko za su karɓe shi ko su nuna miki inda ya dace. Ki kuma je ofishin jin daɗin jama'a na asambilinku, wato hukumar gundumarku, da takardar likita ki yi masa rajista, akwai kason da doka ta ware wa masu buƙata ta musamman a kuɗin asambili. Katin inshorar lafiyarsa kada ki bari ya mutu.

Abu ɗaya da ba wanda ya gaya mini: ki kula da babbar. Shekara 9 tana gani tana ji, kuma ita za a mayar mai reno. Ki bar ta ta yi karatunta da wasanta.

Ɗalibin gwaje-gwajen asibiti, Tafo Zongo:

Salam iyayena. Hajiya, maganar hana nama da madara tana da asali, amma a wata cuta daban. Akwai wadda ake kira PKU, ita ma ta gado ce, ita ma in ba a kula ba tana kawo halin otizim da farfaɗiya da wani wari a fitsari. Wani likita a Nowe, Asbjørn Følling, ya gano ta a 1934 a jikin wasu yara biyu 'yan uwa ɗaya. A wannan cutar wani sinadari da ke cikin abinci mai gina jiki ne ke taruwa, shi ya sa ake auna musu abinci da madara ta musamman, kuma in an fara tun makonnin farko yaro ya tashi lafiya. Tun shekarun 1960 ƙasashen Turai da Amurka ke ɗiga jinin diddigen jarirai saboda ita. Akwai kuma ƙarancin biotinides, da ake magancewa da ƙwayar bitamin biotin kullum, da wani nau'in ƙarancin kiriyatin a ƙwaƙwalwa da ake ba da kiriyatin ɗin a sha. Duk suna iya zuwa da kamannin otizim. Sanfilippo ba ta cikin masu jin abinci. A hana Abba nama da madara yunwa kawai za a ƙara masa.

Ina faɗin wannan ne saboda masu karantawa a ɓoye. Ba kowane mai otizim ke buƙatar waɗannan gwaje-gwaje ba. Amma in yaro yana rasa abin da ya iya, ko yana farfaɗiya, ko yana amai da suma in ya yi zazzaɓi ko ya ci nama da yawa, ko hantarsa ta girma, ko akwai wani irinsa a dangi, musamman in iyaye 'yan uwa ne, a ce wa likita a fili a duba cututtukan gado na sarrafa sinadaran jiki.

A nan Kumasi aka fara gwajin sikila ga jarirai a 1995, ƙarƙashin marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, da irin wannan ɗigon jinin a takarda. Hanyar muna da ita, faɗaɗa ta ya rage. Mma, ki nemi ƙungiyar Rare Disease Ghana Initiative, aikinsu haɗa iyalai irin naku da gwaji da juna. A Jami'ar Ghana da ke Legon kuma akwai cibiyar WAGMC da ke horar da masu ba da shawara kan cututtukan gado.

Maman Abba, Aboabo, Kumasi:

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Hajiya na gode da addu'a. Na mayar masa da sukari. Malam, na tura wa babansa rubutunka a WhatsApp, bai ce komai ba, amma ya tambaye ni ranar da likita ta ba mu, ya ce zai bar wa yaronsa shago. Kafinta zai zo gobe saboda sakata.

Anti Nos, saura biyu. Babbar ita ma a gwada ta? Kuma in jaririyar ta fito da shi, me sanin zai amfana mini tunda babu magani?

Nos daga Nima, Accra:

Babbar da ta kai shekara 9 tana karatu daidai da sa'anninta, da wuya ƙwarai a ce tana da cutar. Ki dai ambata wa likita ta duba ta. Abin da ya rage shi ne ko tana ɗauke da ƙwayar, yiwuwar 2 cikin 3 ce, kuma wannan gwajin akan bari sai ta girma ta fahimta, kafin maganar aure.

Jaririya kuwa, in ta fita kin huta da kallon gira, kuma hakan ya fi yiwuwa. In tana da shi, za a fara kula da kunnenta da jinta tun kafin ya taɓa maganarta, a fara koya mata alamu da wuri, kuma gwaje-gwajen magani da ake yi a waje ƙananan yara suka fi nema, waɗanda cutar ba ta ci ƙwaƙwalwarsu ba tukuna. Ku biyu kuma za ku yi shawarar haihuwa ta gaba da sani. Hukuncin naku ne ke da babansu, ba wanda zai tilasta muku.

Ranar zuwa ki tafi da ainihin takardar sakamakon da kwafinta, da katin awon yaran duka uku. Daga yau ki riƙa rubuta lokacin da Abba ya kwanta da lokacin da ya farka, ki ɗauki bidiyonsa da dare da lokacin cin abinci, likita za ta fi gane abin da ido. Ki je da jaririyar, ki tambaya ko za a iya ɗibar jininta a ranar, sannan ki roƙi takardar turawa zuwa gwajin ji kafin ku fito.